Mutumin da Ke Bayan Lauya

Da hantsi Mama ta sa Yaya ya kafa ƙusa a bangon falo, dab da hoton marigayi Baba. Tana tsaye a bayansa, hannu a ƙugu, tana ba da umarni kamar bene ake ginawa.

"Ɗaga sama kaɗan. A'a, ka wuce. Kai dai tun kana yaro ba ka san tsakiya ba."

"Mama, ƙusa ce fa kawai."

"Ƙusar surukina ce. Kafa ta da mutunci."

Auta tana bakin ƙofa da jakar kyamara a kafaɗa, tana so ta sulale ba a gan ta ba. Ina! Mama ta juyo.

"Yauwa. Yau ne za ku ga hotunan, ko? Cikin waɗanda kika ɗauki Lauya, ki zaɓo min wanda ya fi kyau. A fitar da shi babba, a sa masa gilashi. Nan zai zauna, kusa da ubanki."

"To, Mama."

"Wannan to ɗin taki ba ta da gishiri. Zo ki zauna."

Yaya ya ajiye guduma a kan tebur ya fita ta da mota. Mama ta kamo hannun Auta ta riƙe cikin nata.

"Ke ba yarinya ba ce. Kina aikinki a asibiti, kina ɗaukar hoton ƙashin mutane, kin san ciwon kanki. Ni ban yi miki dole ba. Da bakinki kika ce kin amince da Lauya, manya suka zauna, aka tsayar da magana. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ina tambayarki tambayar ƙarshe. Wancan yaron ya fita daga ranki?"

A gidan nan ba a kiran Dogo da sunan da kowa ke kiransa. Wancan yaron ake cewa, ko mai dogon baki.

Auta ta sunkuyar da kai. "Ya fita, Mama."

"Dube ni ki faɗa."

Ta ɗago, idonta ya cika taf. "Wallahi ya fita. Ko hanya ta haɗa mu, ba na kallon inda yake. Ki tambayi Yaya."

Mama ta share mata hawaye da gefen mayafi, nata suna zuba. "Allah Ya yi miki albarka. Ni na kwana da ciwon ubanki, ni na san abin da bakin yaron nan ya yi masa. Ba zan iya ganinsa zaune a kujerar gidan nan ba. Tashi ki je."

Ga yadda abin ya samo asali.

Baba da amininsa, wanda kowa ke kira Baba Mai Duhu saboda rabin rayuwarsa a ɗakin duhu na wanke fim ya yi ta, su suka kafa wani zama na masu son hoto. Ba hoton waya ba, wanda ake dannawa ɗari a zubar da casa'in. Babban fim suke amfani da shi, mai faɗi, wanda nadi guda hoto goma sha biyu kaɗai yake ci, kowanne murabba'i. Wanda ya gama nadinsa sai ya jefa a akwatin Baba Mai Duhu, babu suna. Tsohon ya wanke, ya buga duka sha biyun a takarda ɗaya. Wannan takarda ita suke kira shimfiɗa.

Dokar zaman guda ce, kuma ba ta da sassauci. Ana ɗora shimfiɗa a tebur, kowa ya faɗi abin da ya gani, babu ragi babu sakaya. Sai an gama tas mai ita yake tashi ya ce, "Tawa ce."

Bara waccan aka ɗora wata shimfiɗa da duk hotunanta suka fito dishi-dishi. Dogo, malamin makaranta ne mai saurin baki, a lokacin kuma maganarsa da Auta ta yi nisa. Ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Mai wannan shimfiɗar ya fara zuwa wurin likitan ido kafin ya sake ɓata fim."

Aka yi dariya. Sai Baba ya dafa kujera ya miƙe a hankali ya ce, "Tawa ce."

Ashe idon ne ya fara tafiya, yana ɓoyewa. Ya koma gida ya goge kyamararsa, ya sa a kabad, bai sake taɓa ta ba har ciwon ajali ya kwantar da shi. Dogo ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri, Baba ya ce babu komai. Amma Mama ta ga abin da babu komai ɗin ya yi wa mijinta. Yaya kuwa ba ya nan ranar, labari ya ji, ya haddace maganar kamar karatu, yana maimaita ta duk sanda aka ambaci Dogo. Da manyan Dogo suka zo neman aure, daga bakin ƙofa ya mayar da su.

Ya so a kori Dogo daga zaman ma. Baba Mai Duhu ya ce atafau, yaro doka ya bi, kuma dokar ta marigayin ce. Tun daga nan Dogo yake zuwa ya zauna a kujerar lungu, bai ƙara tofa wa hoton kowa ko kalma ba.

*

Ɗakin zaman yana saman shagon Baba Mai Duhu. Matakalarsa matsattsiya ce, tun daga rabi warin ruwan wanke fim ke tarar mutum, mai tsami-tsami, mai kama maƙogwaro. A tsakiya akwai dogon tebur da fitila a rataye, da gilashin ƙara girma ɗaure da igiya don kada wani ya manta da shi a aljihu.

Lauya ya riga su zuwa. Mutum ne kamili, mai tsafta, mai magana a tsanake, abokin Yaya tun suna makaranta. Ya miƙe ya ja wa Auta kujera.

"Ranki ya daɗe. An ce min har an kafa min ƙusa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ina da shaidu a gidanku."

Ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta zauna ta ba kujerar lungu baya. Ba ta duba ba, amma ta san Dogo yana can. Ƙeyarta ce ta gaya mata.

Makon da ya wuce duk sun fita tare zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda taragai suka yi tsatsa, ciyawa ta cinye layin dogo. Lauya ya je da farar riga, aka yi ta tsokanarsa ango, kusan kowa ya ɗauke shi. Don haka shimfiɗun yau cike suke da shi.

Baba Mai Duhu ya ɗora ta farko. Yaya ya sunkuya.

"Innalillahi. An yanke wa Lauya kai a uku, an yanke masa ƙafa a biyu. Wannan mahauci ne ko mai hoto?"

"Haske ma ya shiga ta gefe," in ji Lauya. "Ga ja nan kamar an ƙona takardar. Murfin bayan kyamarar bai rufu da kyau ba."

Mai Magani, wani gajere mai kantin magunguna wanda ba ya rabo da barkwanci, ya tashi yana kaɗa hula. "Tawa ce, kuma da gangan na yi. Fasaha ce, ba za ku gane ba sai bayan na mutu."

"To ka yi sauri," in ji Baba Mai Duhu. Ɗakin ya ɗauki dariya.

Aka wuce ta biyu, aka wuce ta uku. Sannan tsohon ya zaro wata daga ƙasa. Ya ɗan tsaya da ita a hannu, ya yi gyaran murya, ya ɗora.

Auta ta leƙa.

Tata ce. Ga Lauya nan a gaba cikin kowane murabba'i, jingine da tarago, ko zaune a kan dakali, yana fuskantar kyamara. Sai dai fa ba shi da fuska. Farin hazo ne kawai mai siffar mutum, murmushinsa ya narke kamar an shafa da yatsa. A bayansa kuwa, can gefe, ga wani mutum ya fito tar. Ana ganin zaren da ya warware a wuyan rigarsa. Ana ganin gumi a goshinsa.

Dogo ne. A duka sha biyun.

Kyamarar Baba ce ta ɗauka da ita, wadda ta fito da ita daga kabad bayan rasuwarsa. Akwati ce mai ido biyu, ana rataya ta a wuya ta sauka kan ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuyar da kai a duba gilashi. A gefe akwai abin murɗawa, shi ke kawo abu tar ko ya mayar da shi dishi-dishi. Wanda ya ga mace da irin wannan kyamara zai ce kai, ga mai kunya, ko ɗago ido ba ta yi. Bai san duniya gaba ɗaya tana cikin gilashin ba, kuma babu mai iya cewa ga inda take kallo.

Ranar a tasha ta sunkuya, ta murɗa tana neman fuskar Lauya, hannun ya zarce. Sai ga Dogo ya taso cikin gilashin, yana gyara ƙafar kyamararsa, bai san ana kallonsa ba. Rabon da ta ƙare masa kallo tun Baba yana da rai. Ta ce a ranta, bari in ɗan duba, yanzu zan mayar. Lauya ya ce, "Na shirya fa, kumatuna sun gaji," ta danna. Ta rantse wa kanta ta mayar kafin ta danna. Duk sanda ta danna, sai ta sake rantse wa kanta.

Babban fim kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Inda ka tsayar da ido nan yake tsayawa, saura ya narkar.

Yaya ne ya fara fashewa da dariya.

"La ila! Ga ango an mai da shi aljani. Mutum tsaye a gabanka kamar gini, ka kasa ganinsa har sau sha biyu? Wallahi mai wannan shimfiɗar ya fara zuwa wurin likitan ido kafin ya sa..."

Maganar ta maƙale masa.

Babu wanda ya yi dariya. Fanka kaɗai ke juyi a sama. Mai Magani ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba. Kowa a ɗakin ya san maganar, ya san wanda ya fara faɗinta, ya san abin da aka yi masa a kanta. Kunnuwan Yaya suka yi zafi. Don ya sami abin yi da hannunsa, ya fizgi gilashin ƙara girma ya kifa a kan takardar.

Nan ya ga abin da ya fi na farko. A kusurwar kowane hoto akwai 'yar ɓantara ƙarama, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ya yi ta da hannunsa, ranar da ya saki kyamarar Baba ta faɗi yana ɗan firamare. Ya ajiye gilashin a hankali. Bai dubi ƙanwarsa ba.

Mai Magani ya yi ƙoƙarin gyarawa. "Ai kyamarar ce ta lalace, jama'a. Tsofaffin nan haka suke, sai abin murɗawar ya goce, ka saita gaba ya kama baya. Tawa ma ta taɓa yi min."

Auta ta ji kamar ta rungume shi. Da an bar maganar a nan, da ta tsira.

Lauya ya miƙa hannu ya ɗauki gilashin. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Shi ya san mai ita, don ya san wadda ya yi wa wannan tsayuwar. Da ya ɗago, muryarsa ba ta canza ba, sai dai ta yi ƙasa.

"Kyamarar lafiyarta lau. Da gocewa ta yi, da kullum wuri ɗaya za ta kama. Ku duba na uku, mutumin yana kusa, bayan kafaɗata. Ya fito tar. Ku duba na tara, ya yi nisa, yana can wajen tankin ruwa. Ya fito tar. A na ƙarshe tafiya yake yi, an bi shi an kama shi." Ya ajiye gilashin. "Wannan ba ciwon ido ba ne. Ban taɓa ganin ido mai kyau irin wannan a teburin nan ba. Ni ne dai na tare masa hanya."

Auta ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige, ta ja ƙofar a kanta.

Baba Mai Duhu ya ce, "Akwai mai ƙari?" Ya bi fuskokinsu da kallo. "To mai ita ya tashi."

Auta ta dafa tebur za ta tashi.

Sai aka ji ƙarar kujera daga lungu. Dogo ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka. Muryar da ba a ji a zaman nan ba tun ranar Baba ta fito.

"Tawa ce."

Mai Magani ya rufe fuska da hula.

Baba Mai Duhu ya dube shi ta saman tabarau, tun daga sama har ƙasa. "Taka ce. Kai ka tsaya a nan ka danna, ka ruga can wajen tanki ka tsaya, har sau sha biyu?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Zauna, yaro. Da can gaskiya ka faɗa ta yi ɓarna, yau ka gwada ƙarya ba ka iya ba. Ka ƙara tona abin da kake son binnewa."

Haka ne kuwa. Wanda bai gane ba ɗazu, yanzu ya gane. Auta ta tashi, hawaye yana ɗiga a kan jakar kyamara.

"Tawa ce, Baba."

"Na sani, 'yata. Ni na wanke."

"Ka sani, ka ɗora?"

"Na ɗora ta ubanki ma, ina sane. Ranar da na fara zaɓen wadda zan ɓoye, ranar zan rufe ɗakin nan."

Ta fizgi jakarta ta yi waje.

*

A tsakiyar matakala Lauya ya same ta, ta haɗa kai da bango tana kuka. Ya tsaya sama da ita kaɗan, shimfiɗar a naɗe a hannunsa.

"Auta."

"Don Allah kada ka yi min magana mai daɗi. Ka zage ni. Wallahi zagin zai fi min sauƙi."

"Ban iya ba. A kotu ma abokan aiki suna min gori."

"Ban yi da niyya ba. Na rantse da Allah ban taɓa kiransa ba, ban taɓa amsa masa ba, ko gaisuwa. Na riƙe alkawari. Ni kaina ban san na yi wannan ba sai yanzu."

"Shi ne abin da ya fi ciwo," in ji shi. "Da kin sani, da sai in ce ki daina."

Ta juyo ta haɗa hannuwa. "Zan daina. Zan mayar da kyamarar kabad, ba zan ƙara hawa benen nan ba. Ka ba ni lokaci. Kai mutumin kirki ne, ba ka taɓa ɓata min ba, kuma Mama..." Kuka ya ci ƙarfinta. "Da safen nan na rantse mata. Ina kallon idonta na rantse."

Lauya ya zauna a kan matakalar, abin da bai saba ba, da farin wandonsa.

"Kin san me nake tunawa? Ranar a tasha, ina tsaye rana tana dukana, ina ganin kin daɗe a sunkuye ba ki danna ba. Na ce a raina, yarinyar nan kallona take ƙarewa. Har na gyara wuyan riga." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Ni da nake cin abinci da gane mai ɓoye magana."

"Ka yafe min."

"Na yafe. Amma ba zan iya zama hazo a cikin gidana ba, Auta. In dawo daga aiki, ki kawo min ruwa kanki a sunkuye, ina tambayar kaina wa kike gani."

Ya miƙa mata shimfiɗar. Ta ƙi karɓa, ya ɗora mata a kan jaka.

"Zan tura wa manyana su janye. Zan ce daga gare ni ne, kowa ya faɗi abin da ya ga dama a kaina. Abu ɗaya ne ba zan ɗaukar miki ba. Mama. Ita ke za ki gaya wa, da bakin da kika rantse mata."

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya raɓa ta ya sauka. A ƙasa ya tsaya kamar zai juyo, bai juyo ba.

*

A mota Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyo. Auta ta yi ta jiran tsawa, har ta ƙosa ta zo a huta. Ba ta zo ba.

Sun tarar da Mama a falo da hasken la'asar, ta goge bangon, ta kawar da agogon da ke kusa don hoton ya sami sarari.

"Sannunku. Ina surukin nawa? Miƙo in gani."

Auta ta zube a gabanta a kan gwiwa, ta miƙa takardar da hannu biyu.

"Meye na durƙuso kuma?" Mama ta warware shimfiɗar, ta nisanta ta da fuska, ta matso da ita. "Ƙanana ne. Ɗauko min gilashin ubanku a aljihun tebur."

Yaya ya ɗauko. Matar da ta yi shekara da shekaru tana shanya wa mijinta hotuna a igiya ba sai an fassara mata ba. Ta duba na farko. Ta duba na biyu. Ta bi su har ƙarshe, ta dawo farko ta sake bi, tana neman ko guda ɗaya da za a iya ratayewa. Babu.

Ta ɗora gilashin a cinya.

"Da safen nan, Auta."

"Mama, ki yafe min..."

"Da safen nan kika dubi tsabar idona kika ce wallahi."

"Na zaci ya fita! Na yi addu'a, na danne, na daina bin layin makarantarsu. Na zaci in na daina ɗago kai shi ke nan. Mama, ki dake ni, ki yi min duk abin da kika ga dama, kada dai ki yi min baki." Ta kama ƙafar uwar tana kuka kamar ranta zai fita.

"A gaban mutane aka ga wannan?"

"A gaban kowa."

"Shi Lauyan fa?"

"Ya janye."

Mama ta rufe ido. "Kin kunyata ɗan mutane, kin kunyata ni, da kyamarar ubanki. A kan wa? A kan wanda ya buɗe baki a tsakiyar jama'a ya ce wa ubanki..."

"Ni ma na faɗa, Mama."

Ta buɗe ido. Yaya yana tsaye jikin bango, kansa a ƙasa kamar yaron da aka kama.

"Ka faɗi me?"

"Maganar. Ita ɗin dai, ba ragi. Yau, a kan wannan takardar. Ban san ta Auta ba ce. Na ga dishi-dishi, bakina ya riga ni." Ya ɗago kai. "Haka teburin yake, Mama. Ba ka san na wa ba ne sai ka gama yanka. Da ina nan ranar Baba, wallahi ban san ko ni zan riga shi faɗa ba."

Mama ta ɗaga kai ta dubi hoton mijinta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sake kifa gilashin a kan na ƙarshe, inda Dogo yake tafiya, ya waiwayo rabi.

"Ya rame," ta ce, kamar da kanta take.

Yaya bai san abin da zai yi da jikinsa ba. Ya hango gudumar da ya bari da safe, ya ɗauka, ya nufi bango ya saƙala bakinta a ƙusar.

"Bar ta."

Ya tsaya. "Mama, ai babu abin da za a rataya."

"Na ce ka bar ta."

Ta naɗe shimfiɗar, ba ta mayar wa Auta ba, ta tura ƙarƙashin matashin kujerarta. Ta janye ƙafarta daga hannun 'yar, ta gyara mayafi, fuskar nan a ɗaure babu alamar wasa.

"Ban ce na yafe ba, kada wata ta fara share hawaye. Kai, ajiye gudumar nan ka ɗauki makullin mota. Tunda kai ka kore su daga ƙofar nan, kai za ka je da ƙafarka."

"In je ina, Mama?"

Ta dubi ƙusar, tsirara a bango kusa da Baba. Sannan ta faɗi sunan da ba a ji a bakinta ba tun ranar da aka sa kyamara a kabad.

"Ka je ka ce wa Dogo ina nemansa."